Tayar da Na Ƙi Yi wa Faci a Kumasi

Jirgin ƙasa ya sauke mu a Ikko da hantsi, ni da Nomau, ƙafafunmu sun kumbura don zama. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. Sunana Isiya, daga wani ƙauye kusa da Kafur, sana'ata kuwa gyaran keke a kasuwar Malumfashi. Nomau Bamaguje ne, gonarsu tana jikin tamu, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Shi ƙarfinsa kawai ya ɗauko. Ni na ɗauko akwatin katako mai famfo da gam da 'yan ƙarafa, da niyyar zuwa Kumasi in koyo facin tayar mota. Na ga yadda manyan motoci ke ta ƙaruwa a hanyar Funtua suna kai auduga gidan gurza, amma in taya ta lalace sai mota ta kwana a daji ana jiran a kai tayar Zariya. Na nemi koyo a Zariya ban samu shiga ba, fataken goro suka ce mini a Kumasi masu wannan aiki sun yi yawa har suna neman hannu. Na bar matata Hanne da ciki a gidan mahaifina.

A tashar mota ta Ikko wani mutum mai farar hula ya tare mu da sallama. Hausarsa irin ta Zazzau ce, kuma bayan kwanakin da muka yi ba mu ji harshenmu a bakin kowa ba, wannan kaɗai ya isa mu saki jiki da shi. Ya ce aikinsa ke nan, tsallakar da 'yan Arewa kan iyaka, ya san duk masu duba takarda. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya sa aka ɗora kayanmu a kan wata mota, ya nuna mana rumfar mai shinkafa ya ce mu ci mu ƙoshi don hanya da nisa. Da muka dawo, babu shi babu motar.

Na zauna a kan wani dutse na rasa abin da ke mini daɗi. Ba kuɗin ne suka fi ƙona mini rai ba, famfon ne, don na mahaifin wani abokina ne da ya ba ni aro. Nomau ya tsaya a kaina ya taɓa ni da ƙafa.

"Tashi, Isiya. Ƙafafunmu dai bai tafi da su ba."

Da ƙafa muka kama hanyar yamma. A wajen Badagiri na fara ganin teku, na tsaya nesa da shi ina kallo, na kasa yarda cewa ruwa ne kawai ke wannan ruri. Wasu masunta suka ga muna raɓe-raɓe, suka yafuto mu da hannu muka taya su jan taru har azahar. Ladanmu shi ne kifi gasasshe da kuma wuri a cikin kwalekwale. Su suka bi da mu ta cikin ruwa suka sauke mu a ƙasar Dahome, babu wanda ya tambaye mu takarda.

Kwatano ta wahalar da ni fiye da ko'ina. Ba mu jin Faransanci, ba mu jin harshen mutanen garin, sai nuni da hannu. Muka shiga dako a kasuwa, muna kwana a ƙarƙashin teburan 'yan tireda. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, warin manja da ɗanyen kifi ya cika mini ciki, ga sauro. Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da ni. Ina rawar ɗari ina ganin Hanne tana dama fura a gindin rumbu, in na miƙa hannu sai in taɓo ƙafar tebur.

Wata tsohuwa mai sayar da koko ce ta tsaya mini. Ta sa Nomau ya ɗauke ni ya kai ni bayan rumfarta, ta shimfiɗa mini buhu, ta dafa wasu ganyaye masu ɗaci ta riƙa ɗura mini. In na ƙi sha sai ta yi ta faɗa da harshenta tana riƙe mini haɓa kamar ɗan goye. Akwai wata kalma da take kirana da ita, har yau ban san ma'anarta ba, ban kuma san sunanta ba. Nomau ya riƙa yin dakon mutum biyu. Shi ba ya salla, amma da na fara samun ƙarfi, shi ke samo mini ruwan alwala a gwangwani ya tsaya yana kore mutane kada su bi ta gabana. Ran da za mu tafi na durƙusa na yi wa tsohuwar godiya da Hausa, ta dafa kaina ta ce abin da ta ce, ta ƙulle mana ƙosai a ganye.

Muka wuce Lome, wani wuri a mota in mun samu mai tausayi, wani wuri a ƙasa. Bayan mun shiga ƙasar Gana muka iske wata babbar mota a gefen hanya ta karkace, direban yana zaune a inuwa ya haɗa kai da gwiwa. Sunansa Salifu, Bamoshe ne, yana jin Hausar zango, wato unguwar Hausawa a garuruwan Gana. Tayarsa ta yi faci, safayar ma ba iska, yaron motarsa kuma ya gudu ya bar shi tun a Lome. Yana da gam da guntun roba a akwatin mota. Na ce masa ni mai faci ne. Ban ce na keke ba.

Muka ɓanɓare tayar da ƙyar, na zaro tif, wato robar ciki da ke riƙe iska, na nemo hujin da yawu, na goge wurin da dutse, na shafa gam na liƙa kamar yadda na saba. Muka yi ta bugun famfo bi da bi har iska ta hau. Salifu ya yi murna ya ce Kumasi za shi, mu hau. Ina bisa kaya ina jin kaina wani abu, sai ga motar ta soma karkacewa. Da muka sake buɗewa, facina ya saki ya naɗe kamar ɓawon albasa, tif ɗin kuma da zafi har ba ya taɓuwa. Salifu bai yi fushi ba. Ya ce tayar mota tana ɗaukar zafin da keke bai san shi ba, sai facin wuta ke riƙe ta. Haka muka yi ta liƙawa tana saki har muka lallaɓa wani gari da ke da mai faci na gaske. A nan na gane abin da na sani bai taka kara ya karya ba. Kafin mu isa Kumasi, Salifu ya ga yadda Nomau ke ɗaga taya shi kaɗai, ya ɗauke shi yaron mota.

Ni kuma ya kai ni zango wurin wani Malam Haladu, mai shagon faci da sayar da tsofaffin tayoyi a bakin tasha. Da ya tambaye ni garinmu na ce Kafur, sai ya ce mahaifinsa mutumin Musawa ne, goro ya kawo shi nan ya zauna. Jin sunan Musawa a wannan nisan duniya ya sa idona ya ciko. Ya ba ni wurin kwana a zaurensa. A ranar matarsa ta aiko mini da tuwon dawa da miyar kuka, na ci ina share hawaye da bayan hannu don kada a gani.

Ba zan ɓoye alherin Malam Haladu ba, shi ya koya mini facin wuta. Za a goge tif, a ɗora ɗanyar roba a kan hujin, a matse da ƙarfe mai dunƙule, a ɗora tsohon fistin mota, wani ƙarfen inji mai kamar kofi, a bisa a zuba kananzir a ciki a kunna. In wutar ta cinye ta huce, robar ta narke ta zama jiki ɗaya da tif ɗin. Ran da na yi na farko da hannuna na yi ta jan sa ya ƙi saki, na ji kamar in ruga Kafur in nuna wa mutane. Lada dai ba ya ba ni, sai abinci da alkawarin in na ƙware za a duba.

Amma akwai wani aiki da yake yi a bayan shago. Yakan sayo tayoyin da aka yar, waɗanda gefensu ya tsage. Sai ya yanko guntun wata tsohuwar taya ya shimfiɗa ta ciki ya rufe tsagar, ya cike ta waje da roba, ya goge, ya shafe da baƙin mai har ta yi sheƙi. Wanda bai sani ba zai ɗauka lafiyayya ce. Da na tambaye shi ko tana riƙewa, ya ce kowa haka yake yi, tsawon rai kuma na Allah ne. Na bar maganar, don a gidansa nake ci.

A ɗaya gefen titin akwai shagon wani dattijo Ba'asante da ake kira Papa Kwabena. Muƙamuƙinsa a karkace yake, idonsa ɗaya ya mutu. Wilin babbar mota yana da wani zoben ƙarfe da ke kulle taya, in bai zauna daidai ba aka buga iska, yakan fizge ya tashi da ƙarfin da zai fasa kan mutum. Irin wannan zoben ne ya same shi yana saurayi. Tun daga nan ba ya buga wa taya iska sai ya ɗaure ta da sarƙa, ya juya zoben ya fuskanci bango, shi kuma ya koma gefe. Malam Haladu yakan yi masa dariya, ya ce kafin tsohon ya gama taya ɗaya shi ya gama uku.

Wata rana ina bugun famfo na sunkuya, fuskata daidai kan zoben. Ban ji tahowar kowa ba, sai na ji an fizgo ni ta wuyan riga har na faɗi zaune. Papa Kwabena ne ya tsallako titi. Ya nuna zoben, ya nuna muƙamuƙinsa, ya juya ya koma shagonsa. Da na duba, gefe ɗaya na zoben bai shiga mazauninsa ba. Nan take na sace iskar.

Cikin wannan shekara wani bafatake ya kawo mini labarin Hanne ta sauka lafiya, mace, an sa mata sunan mahaifiyata. Abin da na iya aikawa ɗankwali ne guda. Ranar salla na fi jin nisan gida. Bayan an sauko idi kowa ya shige gidansu, ni na zauna a zaure ina tuna yadda ake tsinkar auduga a gonarmu, da hayaniyar ranar kasuwar Malumfashi. In motar Salifu tana gari Nomau yakan zo mu zauna mu yi ta lissafa mutanen ƙauyenmu gida gida, wane ya tsufa, wance ta isa aure, har dariya ta kama mu.

Na shekara da wani abu a wurin Malam Haladu lokacin da abin ya faru. Da safe aka gangaro da wata taya daga tasha, na gane ta tun daga nesa, ta gaban motar Salifu ce. Wani ƙarfe ya yanke ta a gefe. Mai motar, wani ɗan kasuwa da ban taɓa gani ba, ya aiko cewa a gyara, ba zai sayi sabuwa ba. Motar za ta Tamale a ranar, da lodin goro, da mata 'yan kasuwa a bisa kayan. Malam Haladu ya ce lokaci ya yi da zan koyi aikin bayan shago, in yi wannan da hannuna.

Na cire tayar daga wili na zura hannu ciki. Zaren da ke riƙe jikinta ya tsintsinke a wurin, yatsuna suka shige tsagar har suka leƙo waje. Gefen taya shi ke lanƙwasa duk juyin da ta yi, ba abin da za a liƙa masa ya zauna. Kuma a bisa wannan kaya Nomau ke zama.

"Maigida, wannan ba ta gyaruwa," na ce.

"Wa ya tambaye ka? Yanko guntu ka sa."

"Ta gaba ce, Maigida. In ta fashe da lodi ba mai iya riƙe sitiyari. Ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. Ya tambaye ni tuwon wa nake ci, a zauren wa nake kwana, wa ya ɗauke ni ranar da na zo da riga ɗaya a wuyana. Duk na amsa masa cewa shi ne, kuma ban manta ba. Ya ce to in zaɓa. Na ajiye ƙarfen da ke hannuna a hankali, na je zaure na naɗe tabarmata. Ina fita na hango shi ya ja tayar zuwa bayan shago da kansa.

Na wuce tasha na sami Salifu ana ɗaure kaya, na gaya masa abin da na gani. Ransa ya ɓaci, amma da ni ya ɓaci. Ya ce me nake so ya yi, motar ba tasa ba ce, in ya ƙi tafiya akwai direbobi a tasha suna jiran a miƙa musu makulli, ga iyali. Muna cikin haka aka gangaro da tayar tana sheƙi kamar sabuwa. Nomau ya saurare mu har muka gama, sannan ya shiga ƙarƙashin mota ya jawo jak. Ya ce ƙafafun baya bibbiyu ne kowane gefe, a ciro lafiyayya daga can a kawo gaba, wannan a kai ta baya inda take da 'yar'uwa. Salifu ya yi tsaki, ya dubi rana, ya dubi matan da suka riga suka hau, sannan ya tuɓe rigarsa. Mu uku muka yi aikin cikin zafin rana, matan suna ta mita a kanmu. Da za su tashi na roƙi Salifu kada ya yi gudu. Ya tayar da mota suka tafi.

Na koma dako a kasuwar Kumasi, ina kwana a barandar masallaci. Labari ya zaga zango cewa yaron da Malam Haladu ya rufa wa asiri ya tona masa nasa. Mutanen da muke gaisawa suka riƙa ɗauke kai, wani dattijo ya kira ni butulu a gaban jama'a. Wannan ya fi yunwa ciwo, don su ne kaɗai mutanena a garin. Har na fara tambayar kaina ko na yi wauta, don tayoyi nawa Malam Haladu ya yi wa haka suka je suka dawo.

Ina ɗauke da buhun gawayi wata safiya sai na ji an riƙe buhun ta baya. Papa Kwabena ne. Yana jin Hausa kaɗan, irin wadda ba ta raba mace da namiji. Ya ce ya ga abin da muka yi a tasha, ya kuma ji dalilin korata.

"Mai iya liƙa yana da yawa," ya ce. "Mai iya cewa a'a, shi nake nema. Ajiye gawayi."

Ina shagonsa motar Salifu ta dawo. Nomau ya tsallako titi ya zauna a kan wata taya, ya sha ruwa, sannan ya ba mu labari. A gangaren dutsen Mampon, inda hanya ke lanƙwasa ga rami mai zurfi a gefe, tayar ta fashe da ƙara kamar an harba bindiga. Motar ta yi tangaɗi, kwanon wata mata ya faɗa ramin ba a ko ji saukarsa ba, amma 'yar'uwar tayar ta riƙe, Salifu ya lallaɓa har ƙasan gangaren ya tsaya. Ya ce Salifu ya sauko ya zauna a bakin hanya. Matan da suka yi ta mita a tasha su suka riƙa ba shi ruwa. Da yamma Salifu ya zo da kansa, ya kama hannuna da nasa biyu ya riƙe, ya ajiye mini ƙullin goro ya tafi.

Wajen shekara uku na yi da Papa Kwabena. Ba ya taɓa yin faci sai ya cire taya gaba ɗaya ya juya ta ga haske, ya bi cikinta da tafin hannu a hankali har ya samo abin da ya huda ta, don in an bar ƙusa a ciki sabon facin ma banza ne. In hujin ƙarami ne a fuskar da ke taka ƙasa, sai ya toshe shi ta ciki ya gasa, ya ce wannan za ta kai ƙarshen ranta lafiya. In ya ga baƙin gari a ciki, ya san an yi tafiya da ita ba iska, ta ci kanta, ko da waje tana da kyau. Ba ya ɗora faci a kan faci. Wadda ya yanke wa hukunci kuwa sai ya nemi izinin mai ita ya sa mata wuƙa, don kada wani ya tsince ta ya shafe da mai ya sayar. Masu yin takalmin taya su ke zuwa su kwashe. Direbobi sukan yi fushi su tafi, da yawansu kuma sukan dawo.

Shi Kirista ne, amma ya share mini wani lungu a shago don salla, ya hana kowa ajiye kaya a wurin. Matarsa takan aiko da sakwara, ta sa a gaya mini miyar kifi ce, in ci ba fargaba. Yana biyana duk ƙarshen mako ba tare da na tambaya ba, har na fara aika wa gida da abin kirki. Malam Haladu kuwa, duk salla nakan je gaishe shi. Da fari ba ya amsawa, daga baya ya riƙa amsawa a taƙaice. Matarsa ba ta daina aiko mini da tuwo ba ranar Juma'a, ban sani ba ko da saninsa.

Saƙo ya zo cewa idon mahaifina ya yi rauni, yana tambayata. Da na gaya wa Papa Kwabena bai hana ni ba. Ya shiga ciki ya fito da ƙarfen matse faci guda da sarƙa, ya ce ƙarfen zai ciyar da ni, sarƙar kuma za ta bar mini fuskar da zan ci da ita. Nomau ya riga ya zama direba, ya ce shi sai ya ƙara shekara biyu. Hanyar kudu ta Ikko ba ta biyuwa a lokacin saboda rikicin da ake yi a ƙasarmu, don haka shi ya ɗauke ni a motarsa har iyakar arewa. Da muka zo gangaren Mampon ya rage gudu ya nuna mini wurin da baki, na leƙa ramin sau ɗaya ban sake ba. A inda muka rabu ya ba ni saƙon mutanen gidansu, ya ce in gaya musu ya yi ƙiba.

Na biyo ta Yamai da Maraɗi na shigo ta Jibiya. Da mota ta wuce Katsina ta miƙo kudu na fara ganin gonakin auduga sun yi fari, na kasa zama, na miƙe tsaye a bisa kaya har Malumfashi. Na iske mahaifina da rai, ya shafa fuskata da hannu ya ce na rame. 'Yata ta ɓuya a bayan Hanne, sai da aka yi kwanaki kafin ta yarda ta karɓi abu a hannuna.

Bayan an gama kaka na kafa aiki a Funtua, a gindin wata bishiya kan hanyar gidan gurza. Farkon abin bai yi daɗi ba. Direbobi suka ce na cika tsirfa, faci kaɗan sai na kwance taya duka, ga ɗaurin sarƙa kamar an kama mahaukaci. Wani ya kawo mini tayar gaba da ta tsage a gefe, na ce ba ta gyaruwa, ya zage ni ya tafi ya bar ta a nan, ya ce zan yi bayani ga mai motar.

Mai motar mace ce, Hajiya Kande, wadda ke sayen gyaɗa da auduga, tana da manyan motoci biyu. Da la'asar ta iso da kanta, direban yana biye da ita.

"Kai ne ka hana motata zuwa Bakori?"

"Ni ne, Hajiya. Amma ki duba da kanki."

Na mirgino tayar na juya ta ga haske. Na zaci za ta leƙa ne kawai. Sai ta cire awarwaronta ta miƙa wa direban, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu ciki ta bi inda na nuna mata. Na ga yatsunta masu lalle sun leƙo ta waje. Sannan ta tambayi direban wa ke zama gidan gaba ranar kasuwa, ya ce ƙanenta mai karɓar kuɗin kaya, wani lokaci da ita kanta.

Ta zaro hannunta, duk ya yi baƙi, ta tambaye ni me ake yi da irin wannan. Na ce wuƙa ake sa mata don kada ta koma ƙarƙashin motar wani. Ta ce in yanka tana gani. Da na gama ta juya ga direban.

"Gobe ka kawo masa sauran duka ya duba, har na ɗaya motar. Kai kuma, Malam, ka nemi rumfa. Ba zan riƙa tsayuwa a rana ba."

Kafin ruwan farko ya sauka na kafa rumfar, da kara da tsofaffin kwanon rufi. Sau biyu aka faɗaɗa titin aka matsar da ni baya, amma ban bar wurin ba, kuma alhamdu lillahi, a cikinta na tsufa da idanuna duka biyu lafiya.